Ranar da Kaka Ta Yaba Miya Lami

Ranar da muka kai Kaka makwancinta, tun kafin azahar zauren gidanmu ya cika, sai da aka fitar da tabarmi gindin darbejiya. Mutanen Gubuchi sun zo, na Dandamisa sun zo, danginta na Kudan sun ciko a-kori-kura guda, surukan Gwaggo, ƙanwar mahaifina, kuma sun taso daga Ikara. Kowa ya durƙusa ya ce, “Ya haƙuri?” mu ce, “Haƙuri mun gode Allah.” A shafa fatiha, a matsa wa na baya.

Addu'a ba ta da laifi. Abin da ake ƙarawa bayan addu'ar ne ya riƙa sukata. Wani dattijo, abokin cin kasuwar kakanmu, ya girgiza kai ya ce, “Ai ta huta. Shekarun nan na gigin tsufa wahala ce zalla.” Daga cikin gida kuma na jiyo wata tana cewa, “Ita ai ta daɗe da tafiya, gangar jikin ce kawai kuke ta jinya.” Ba a musu a wurin makoki, don haka na haɗiye maganata. Sai dai ta tsaya mini a maƙoshi, shi ya sa na zauna nake wannan rubutu. Ni jikanta ne, ɗan babban ɗanta marigayi. A gidanta na tashi, a gidanta na ajiye iyali. Na san ta manta sunana, ta manta shekarar da ake ciki, wani lokaci ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Amma in aka ce ta ƙare kwanakinta cikin baƙin ciki, ban yarda ba, kuma ina da hujja.

A gefena Baffa yake zaune, ƙanin mahaifina, yana amsa gaisuwa da ka. A cikin gida Gwaggo ce, autarsu, take karɓar gaisuwar mata. Duk wanda ya san gidanmu ya san mutanen nan biyu sun yi shekaru suna gaisawa a tsaye, kamar maƙwabtan da suka taɓa zuwa gaban alƙali. A kan Kaka suka ɓata. Abin da nake tsoro ranar nan shi ne a tashi daga makoki kowa ya kama gabansa, tunda wadda ke haɗa su a tsakar gida ɗaya ta tafi.

Kaka mace ce mai mita. Ban san yadda zan lulluɓe wannan ba, kuma da tana nan da ta ce in faɗa yadda yake. Tun asuba take farawa. In an yi shara ta ce, “Wannan shara ce, ko susa kuka yi wa ƙasa?” In an dama koko ta ce ruwan wanke gero ne aka ɗumama. Miya kuwa ba a taɓa yin wadda ta wuce gabanta lafiya ba. Za ta lakata da yatsa, ta ɗaga kai sama, ta ce, “Wannan miyar ta hangi gishiri daga nesa, sun gaisa, kowa ya wuce.” Ni kuma, da yake akwai wasa tsakanin kaka da jika, mijinta nake, amma mijin banza mai hannun jarirai, wanda bai taɓa sayo mata ko ɗankwali ba. Mahaifina kaɗai ya tsira daga bakinta, shi ma albarkacin kunyar ɗan fari. Baffa kuwa, da yake shi ne na biyu, rabon mutum biyu ya sha.

Amma bari baƙo ya yi sallama. Nan take za ka ga wata mace daban. Murya ta yi ƙasa, a shimfiɗa sabuwar tabarma, a kawo mazarƙwaila a faifai, don a zamanin kakanmu gidanmu gidan matsar rake ne, da dokinsa da kaskonsa, ita ce kuma mai zubawa a ƙananan kwanuka ta daskare. Ko ruwan zafi baƙo ya kawo mata da sunan miya, cewa za ta yi, “Kai, hannunki akwai albarka.” Haka take in ita ta je baƙunta. A bakin tabarma take zama, ba ta cinye abinci, ba ta neman ƙari, ba ta cewa komai sai godiya.

Lokacin ina ƙarami wasu mata da miji Kiristoci suka zo daga kudancin Zariya neman aikin gonar rake, da 'yarsu a goye. Ba su san kowa ba. Kaka ta sa aka share musu ɗakin da ke bayan rumbu. Matar takan aiko da tuwo, Kaka ta yaba, ta sa albarka. Aka yi damina, aka yi rani. Wata rana Kaka ta buɗe kwanon matar nan ta ce, “Ke, wannan tuwo ne ko tubalin gini? So kike ki ƙarasa mini haƙoran?” Matar ta tsaya sororo. Can sai ta ajiye murfin kwanon ta hau taka rawa a tsakar gida tana cewa, “Yau na zama 'yar gida! Yau Mama ta zage ni!” Mun yi dariya har da hawaye. 'Yar goyen nan ce ta girma ta zama nas a asibitin sha-ka-tafi na Makarfi, kuma har gobe Yaya take ce mini.

Gigin ya zo a hankali. Da fari kiran mai ɗakina take da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba. Sai ta fara maimaita sallar la'asar, ta sallame ta sake tayarwa. Na tambayi liman, ya ce a bar ta, babu laifi a kanta, Wanda take wa sallar ya san halin da take ciki. Abin da ya ɗaga mana hankali shi ne ranar da aka neme ta aka rasa. Masu dakon rake ne suka gan ta a bayan fadama da ƙunshin zannuwa a ka, wai za ta Kudan, innarta na jiranta ta yi daka.

Nas ta zo gida ta duba ta. Ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu, tana tambayarta a hankali. Yau wace rana ce? Kaka ta ce ranar Allah. Wane gari muke? Ta ce Kudan. Nas ta ce, “Mama, wa ke mulkin ƙasar nan yanzu?”

Kaka ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Wanda ya riga tashi da safe mana.”

A shekarun nan da ake kwana da shugaba a wayi gari da kiɗan soja a rediyo, ni kaina ban ga kuskure a amsar ba. Nas ta yi dariya har ta dafe ciki. Da muka fito zaure sai ta ce mini, “Yaya, ciwon nan ba ya warkewa, kada wani ya cuce ku da magani. Kuma tambayoyin nan nawa abin da ya zube kawai suke nuna mini. Ko tana jin daɗin ranta, ko ba ta ji, ba su san wannan ba. In na tambaye ta ina gajiya, ba gajiya za ta ce, ko da ciwo na cin ta. Ku da kuka san ta, ku za ku lura.” Na ce to, ba don na fahimci abin da take nufi ba.

Da labarin ɓatan ya kai Kaduna, Baffa ya zo da motar haya. A masaƙa yake aiki a lokacin, yana da gidan haya mai famfo da lantarki, ga babban asibiti kusa. Ya ce ba zai zauna a birni uwarsa na yawo a bakin fadama ba. Babu wanda ya iya cewa ba shi da gaskiya. Gwaggo, wadda ta dawo gida daga Ikara bayan rasuwar mijinta, ita ta haɗa mata kaya da hannunta.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka Baffa ya gaza. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, madara da sukari da sabulu sun zama abin nema da fitila. Mutum mai furfura irinsa yakan bi layi tun safe, soja na zagayawa da bulala, don ya samo wa Kaka gwangwanin madara. Ya saya mata katifa alhali shi a tabarma yake kwana. Duk direban da ya zo daga Kaduna da irin saƙon da yake kawowa: tsohuwa lafiya lau, tana cin abinci, ta yi ƙiba, an ɗora ta a sikelin asibiti an ce ta ƙaru, ta daina fita, ta daina faɗa. Muka yi ta hamdala. Har na ce wa mai ɗakina ashe zaman birni na gyara hali.

Bayan girbi muka je duba ta, ni da Gwaggo. Mun same ta a falo, fes da ita, fatarta har sheƙi take. Tana zaune a bakin kujera, ƙunshin zannuwanta a cinya. Na shiga da wasana na ce, “Ina amaryata? Ga angonki ya zo hannu rabbana kamar kullum.”

Ta gyara lulluɓi ta ce, “Sannu da zuwa, malam. An zo lafiya?”

Matar Baffa, baiwar Allah mai haƙuri, ta ce, “Kun gani? Ko tari ba ta yi. Kullum da safe sai ta ɗaure kayanta ta ce mun gode da karamci, yau za ta koma. Mu ce ta bari sai gobe, ta ce to.” Da Baffa ya dawo daga aiki ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta sauko daga kujera ita ma ta durƙusa, ta ce, “Maigida, sannu da ƙoƙari. Allah ya bar zumunci.” Na ga ya kau da kai.

Gwaggo ta zuba wa Kaka ido. Da yamma ta karɓi girki. Ta yi tuwon masara da miyar kuka, ta ɗebi ta Kaka daban kafin ta sa gishiri da daddawa. Ina kallonta, na ɗauka mantuwa ce, na buɗe baki ta harare ni. Ta ajiye wa Kaka kwanon. Kaka ta yi bisimilla, ta ci loma kaɗan daga gefe, ta rufe, ta suɗe yatsa ta ce, “Kai, hannunki akwai albarka. Miya ta yi daɗi.”

Gwaggo ta fita bayan gida ta fashe da kuka.

A ranar aka yi faɗan. Baffa ya ce, “Me kuke so in yi da ban yi ba? Ga asibiti, ga madara, ga katifa. Ba ta ɓata, ba ta faɗuwa. Ku dube ta mana, ta taɓa yin kyau haka?”

Gwaggo ta ce, “Yaya, Inna ta ci miya lami ta ce ta yi daɗi.”

“To sai me? Hankalinta ya kwanta ne.”

“Ba kwanciya ba ce. Baƙunta take yi. Wata da watanni tana zaune a gidan mutane tana jin kunya, ba ta ƙoshi ba ta ce ta ƙoshi, tana jira a sallame ta. Ka taɓa ganin Inna ta wuni ba ta zage ka ba?”

Wannan maganar ce ta yi zafi, don a kunnen Baffa cewa aka yi gidansa gidan mutane ne. Ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, “Ku ɗauke ta. Amma duk abin da ya same ta a hanyar Kudan, ke ce.” Gwaggo ta ce ta ji. Da za mu shiga mota Kaka ta yi masa godiya mai tsawo, ta ce in ya biyo ta wajensu ya tsaya ya sha ruwa.

Mun dawo da ita, amma shirun ya biyo mu. Ta zauna a bakin tabarmar ɗakinta da ƙunshinta, tana yi wa mai ɗakina sannu da aiki. Gwaggo ta rame a 'yan kwanakin nan, don ta san in abin bai sauya ba ta raba uwa da ɗanta a banza. Sai lokacin matsar rake ya kama. Maƙwabtanmu suka ɗaura doki, suka hura wuta, ƙamshin ruwan rake da ke tafasa ya cika unguwa. Ran nan da rana mai ɗakina ta kai mata tuwo. Muna zaune sai muka ji ƙarar kwano an ture shi, sai ga muryar Kaka.

“Wace marar aikin yi ce ta yi wannan? Kuma wane ne yake ƙona mazarƙwaila a can, ba ya jin ƙauri ne?”

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Mai ɗakina, wadda a shekarar farkon aurenmu ta sha kuka a kan bakin Kaka, ta durƙusa tana dariya tana share hawaye tana cewa, “Ni ce, Kaka, ni ce marar aikin yi.” Ni kuma na leƙa, ta dube ni ta ce, “Kai kuma wane ne? Da ganin idonka ba ka taɓa yi wa mace kyauta ba.” Ba ta san sunana ba, amma ta san matsayina.

Tun daga ranar muka sami ma'auninmu. In na dawo daga gona, kafin in tambayi ruwa sai in ce, “Yau ta yi faɗa?” In aka ce tun safe take yi, har akuya ba ta bari ba, sai in zauna in ci abinci hankali kwance. In aka ce yau ta wuni tana godiya, to akwai abin da ke damunta: ko haƙori, ko zazzaɓi, ko an shigo da baƙi da yawa sun rikita ta. Sai a aika wa Nas. Ita ma in ta zo abin da take fara tambaya ke nan, kafin ta fito da abin awon zafin jiki.

Mun koyi wasu abubuwan a hanya. Mun daina gyara mata magana. In ta ce innarta na jiranta, sai Gwaggo ta ɗauki mayafi ta ce, “Mu je, ni ma can za ni.” Su zaga ta bakin fadama, su gaisa da masu yankan rake, a ba ta guntu ta kushe shi, su shigo gida ta ɗaya ƙofar, ta ce, “Wash, Kudan ta ƙara nisa.” Mukan ba ta wake ta tsince, ta ware tsakuwa gefe, in ta gama ta sake haɗe su, tana waƙar daka ƙasa-ƙasa. Yaran unguwa su kewaye ta, ta kwance bakin zane ta raba musu ɓarɓashin mazarƙwaila tana ce musu kwaɗayayyu. Na sha tsayawa a ƙofar zaure ina kallonta a haka, kuma wallahi ban ga mace mai wahala ba.

Ba kullum ne daɗi ba. Akwai ranakun da ta ce Gwaggo ɓarauniya ce, ta sace mata zobe. Akwai ranar da ta kuɓuce mana da sassafe, ta zame a kan kunyar gona ta karye a wuyan hannu. Abin da Baffa ya faɗa ya faru. Ya zo ya ga hannun a ɗaure da karan ɗori, bai ce wa Gwaggo uffan ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi. Daga nan in ya zo da Sallah, sai Gwaggo ta kawo masa abinci ya ce, “An gode, sannu da aiki,” ya ci kaɗan ya rufe. Kaka kuma, ganin babbar riga da tsaraba, sai ta sa a shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Yana ji tana zagin kowa a gidan, in ta juyo kansa ta ce, “Malam, ya mutanen gida?” Ba ya daɗewa yake komawa.

A bara masaƙa ta rage ma'aikata, abin ya faɗa kansa. Ya dawo gida da niyyar noman rake kafin Allah ya kawo wata hanya. Babbar riga ta koma akwati, ya shiga tsohuwar taguwar kakanmu. A hannunsa da na Gwaggo Kaka ta cika, bayan gajeriyar jinya, suna gefe da gefe ba mai duban wani.

Ranar sadakar bakwai, da jama'a suka ragu, muna zaune a tsakar gida, sai Baffa ya yi gyaran murya. Ni yake kallo, amma da ƙarfi yake magana yadda na cikin madafa zai ji. Ya ce, “Ana saura 'yan kwanaki ta kwanta, na dawo daga fadama duk taɓo, na zauna can a kan turmi. Sai na ji ta ce, ‘Kai, ƙaton banza, kana ganin buta ba ruwa ka zauna kana ƙirga kaji?’ Na waiga in ga da wa take. Ta ce, ‘Da kai nake, mai kunnen ƙashi.’ Na tashi da gudu na cika butar. Na kawo ta ce na daɗe, tun ina yaro haka nake.” Ya sa hannun riga ya goge fuska. “Duk layin da na bi a Kaduna, abin da nake nema ke nan ban sani ba.”

Jim kaɗan Gwaggo ta fito da kwano ta ajiye a gabansa, ta koma bakin ƙofar madafa ta tsaya. Mai ɗakina ta gaya mini daga baya cewa ta ga lokacin da Gwaggo ta ɗauko gishiri, ta yi jim, ta mayar da shi. Baffa ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Na ga bakinsa ya motsa zai ce an gode. Sai ya tsaya, ya sake lakata, ya ɗaga kai sama.

Ya ce, “Ke, wannan miyar taki ta taɓa jin labarin gishiri kuwa? Shekara nawa kina girki?”

Gwaggo ta ce, “Ga shi can a kan bango. Ƙafarka ciwo take?”

Ya tashi ya ɗauko da kansa, yana mita.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Ya sauke ta a gidan da ba za ta zauna a bakin tabarma ba, inda za ta kwance ƙunshinta ta san ta iso gida. Amin.